Dajin Achimota: A Yi Wurin Shaƙatawa Na Kowa, Amma A Fara Da Masu Ƙasa

Shekara da shekaru ke nan ana maganar mayar da dajin Achimota wurin shaƙatawa na birnin Akra. An zana taswira, an yi bukukuwa, gwamnati ta zo wata ta tafi, amma yaron Nima ko na Sabon Zango har yanzu bai san inda zai je ya yi gudu a ƙarƙashin inuwa ba tare da mota ta bi ta kansa ba. Ni dai ina goyon bayan a yi wurin, kuma a yi shi da gaske. Sai dai ina da sharuɗɗa uku: dajin ya zauna daji, 'yan ƙabilar Ga masu ƙasar su zauna a teburin da ake yanke shawara, sannan ƙofar ta buɗe ga talaka kamar yadda take buɗewa ga mai mota. In aka rasa ɗaya daga cikin ukun nan, to gara a bar dajin yadda yake.

Yadda filin ya shiga hannun gwamnati

Kafin a ce komai, bari mu san tarihin filin, domin rigimar yau daga can ta samo tushe. Bisa bayanin da Ma'aikatar Filaye da Albarkatun Ƙasa ta fitar a 2022, gwamnatin Turawan mulkin mallaka ta karɓi fili daga hannun dangin Owoo a 1921 don gina makarantar Achimota. A 1927 ta sake karɓar wani filin daga hannun dangin, mai faɗin hekta 479, wato eka 1,185 ke nan. A 1930 aka ayyana wannan fili na biyu a matsayin gandun daji, musamman don makarantar ta riƙa samun itacen girki. Ma'aikatar da kanta ta ce akwai shaidar biyan diyya a kan filin 1921, amma babu wata takarda da ke nuna an biya ko sisi a kan na 1927. Wannan magana daga bakin gwamnati ta fito, ba daga bakin masu ƙorafi ba.

Daga nan birni ya yi ta girma yana gutsurar dajin ta kowane gefe: hanya nan, gini can, har ya rage sosai daga yadda aka shata shi da farko. Dangin Owoo suka yi ta kai kuka fadar shugaban ƙasa. A 2013 gwamnati ta amince a ba su hayar wasu sassan gefen dajin na tsawon shekara 99. A 2016 aka yi bikin ƙaddamar da shirin Accra Eco Park tare da wani kamfani mai zaman kansa, aka ambaci kuɗi fiye da dala biliyan ɗaya, aka yi alkawarin wuraren wasa da masaukai da hanyoyin yawo. Abin da aka zana a takarda bai tabbata a ƙasa ba. Sai kuma a watan Mayun 2022 jama'a suka farka suka ji labarin takardar umarnin gwamnati mai lamba 144, wadda ta cire eka 361 da rabi daga matsayin gandun daji. In ka lissafa, kusan kashi 30 cikin 100 ne na filin 1927. Ministan filaye na lokacin, Samuel Abu Jinapor, ya ce ba a sayar da dajin ba, gefensa kawai aka mayar wa masu shi. Kwanaki kaɗan bayan haka sai ga wata wasiyya tana yawo, wadda aka danganta ga wani marigayi tsohon shugaban Hukumar Kula da Gandun Daji, a ciki an ambaci filaye a dajin na Achimota ana rabawa magada. Ma'aikatar ta ce ta bincika ba ta ga shaidar mallakarsa ba. Amma ɓarna ta riga ta faru: mutane sun daina yarda cewa abin da ake yi da sunan masu ƙasa, masu ƙasar ne ke cin moriyarsa.

Takarda ɗaya tana iya soke wata takardar, gwamnati na iya warware abin da ta baya ta ƙulla. Itacen da ya shekara saba'in kuwa, in aka sare shi aka zuba kankare a gurbinsa, babu sa hannun da zai dawo da shi.

Me ya shafe mu?

Na san wani zai ce, to mu ina ruwanmu da daji? Muna fama da kuɗin haya, da kuɗin makaranta, da magudanar da ta toshe a ƙofar gida. Gaskiya ne. Amma a duba lamarin da kyau. Ƙidayar 2021 ta nuna yankin Babban Akra na da mutum fiye da miliyan biyar da dubu ɗari huɗu, ya zarce kowane yanki a Ghana. A cikin wannan taron, su wa suka fi matsuwa? Mai gida a East Legon ko Cantonments yana da ciyawa da itatuwa a cikin katangarsa, yana da na'urar sanyaya ɗaki, in ya gaji ya ɗauki iyalinsa ya hau Aburi. Wanda ke ɗaki ɗaya da 'ya'ya biyar a Maamobi, ƙarƙashin kwanon da ke tafasa tun ƙarfe goma na safe, shi ne mai buƙatar fili na kowa. Tsohuwar da likita ya ce ta riƙa tattaki saboda hawan jini ko ciwon suga, a ina za ta taka? A bakin titi tsakanin trotro da babura?

Asusun Raya Zango da aka kafa da dokar 2017 ya yi filayen ƙwallo na roba a wasu unguwanni, kuma samari na amfana, ban raina ba. Amma filin roba na matasa maza ne masu ƙarfi a jika. Ba ya ba da inuwa, ba ya shan ruwan sama, kuma uwa mai goyo ba ta da abin yi a cikinsa.

Maganar ruwan sama ma ba ƙarama ba ce. Ba mu manta da daren 3 ga watan Yunin 2015 ba, lokacin da ambaliya da gobarar gidan mai suka haɗu a Circle, mutum fiye da 150 suka rasu. Kogin Odaw ta yankin Achimota yake gangarowa, ya bi ta Alajo da Avenor da Circle, ya karɓi ruwan babbar magudanar Nima, kafin ya faɗa tafkin Korle. Ƙasar da ke da itatuwa tana tsotse ruwa tana sakinsa a hankali. Ƙasar da aka lulluɓe da siminti tana tura shi gaba nan take. Duk ekar da aka mayar gidaje a sama, ruwanta a ɗakunan mutanen ƙasa yake ƙarewa, kuma kowa ya san su wa ke zaune a ƙasan.

Haƙƙin masu ƙasa ba wasa ba ne

Mu mutanen zango ya kamata mu fi kowa fahimtar wannan. Duk inda muke zaune a birnin nan, wani ne ya ba kakanninmu wurin. Malam Bako bai kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20 ba sai da sarakunan Ga suka ba shi fili. Haka Malam Futa a Nima cikin shekarun 1930. Haka Alhaji Seidu Kardo da ya kafa Madina a 1959 a kan ƙasar La. Yau mu 'yan ƙasa ne cikakku, an haife mu a nan, an haifi iyayenmu a nan, ba mai nuna mana hanya. Amma zama ɗan ƙasa bai goge tarihin wanda ya shimfiɗa maka tabarma ba. Wanda ya san darajar masauki ba ya zuba ido a ci amanar mai masaukinsa.

'Yan Ga sun ga abin da ba kowace ƙabila ta gani ba a ƙasar nan. Tun da Turawa suka dawo da hedikwatarsu daga Cape Coast zuwa Akra a 1877, ake karɓar filayensu da sunan amfanin jama'a: barikin soja, filin jirgi, ma'aikatu, gidajen manyan ma'aikata. Daga baya wasu daga cikin filayen nan suka koma hannun ɗaiɗaikun mutane, yayin da jikokin masu su ke cunkushe a Chorkor da Bukom da James Town. Tsarin mulkin 1992, a sashe na 20, ya ce filin da gwamnati ta karɓa don wani amfani, in ba a yi wannan amfanin da shi ba, mai shi na asali ne ke da zaɓin farko na karɓar abinsa. Amma Kotun Ƙoli ta taɓa yanke cewa wannan tanadi bai shafi filayen da aka karɓa kafin tsarin mulkin ya fara aiki ba. Ke nan doka ba za ta warware matsalar 1927 ita kaɗai ba. Adalci ne da sasanci za su warware ta.

Inda na saɓa da hanyar da aka bi shi ne a nan: bashi na kuɗi ne, a biya shi da kuɗi. A kawo masu ƙiyasi, a zauna da dangin, a tsayar da adadi a bainar jama'a, a biya ko da kashi-kashi ne. A ƙara musu da kaso tsayayye daga abin da wurin shaƙatawar zai riƙa samu kowace shekara. Amma biyan diyya da yankan daji, kowa ya san ƙarshensa. Filin da ke tsakiyar Akra ba ya daɗewa a hannun dangi; masu gina rukunin gidaje na jira a bakin ƙofa. Shekara goma nan gaba sai ka ga katanga mai tsawo da mai gadi, ɗan Ga talaka ba shi da daji, ba shi da fili, ba shi da kuɗin. An cuce shi sau biyu ke nan.

Girmamawa ba ado ba ce

Akwai darasi a wata ƙasa mai nisa da ya dace da mu. A birnin Vancouver na Kanada akwai wani shahararren wurin shaƙatawa mai suna Stanley Park, da aka buɗe a 1888. Kafin nan 'yan asalin yankin suna da ƙauyuka a wurin. Aka ratsa hanya ta tsakiyar ɗaya daga cikinsu, har aka kwashe tarin ɓawon kifin da mazauna ƙauyen suka tara shekaru aru-aru aka shimfiɗa hanyar da shi, daga baya kuma aka kori iyalan da suka rage. Sai kuma hukumomi suka ga wurin na buƙatar alamar 'yan asali don masu yawon buɗe ido. Suka je can arewa, wajen wasu ƙabilu daban, suka kawo dogayen gungumen itace masu sassaƙa suka kakkafa. Baƙi na ɗaukar hoto suna murna, alhali masu ƙasar na gaskiya ko sunansu babu. Sai a 2008 aka kafa aikin wata mai sassaƙa 'yar ƙabilar yankin a wurin.

Wannan shi ne abin da nake tsoro a Achimota: a gina 'yan bukkoki uku a kira su ƙauyen al'adu, a ɗauko masu kiɗa su yi rawa ranar buɗewa, a sallame su da ɗan abin goro, shi ke nan a ce an girmama 'yan Ga. A'a. Girmamawa tana farawa ne daga kujera. Hukumar da za ta riƙe wurin ta kasance da wakilan dangin Owoo da na Majalisar Gargajiya ta Ga, masu ƙuri'a ba 'yan kallo ba, kuma doka ta ce ba a taɓa iyakar dajin sai da amincewarsu da ta majalisar dokoki. Alluna su kasance da harshen Ga a sama, sannan Turanci. Hanyoyin cikin dajin su ɗauki sunayen da dattawan yankin suka zaɓa. Masu yi wa baƙi jagora da masu gadi a fara ɗauka daga unguwannin da ke kewaye. Tarihin da za a rubuta a bango kuma, masu shi su faɗe shi da bakinsu.

Sunan wurin kansa yana ɗauke da labari. Kamar yadda ake faɗa, Achimota a harshen Ga na nufin kada a ambaci suna, domin dajin ya kasance maɓoyar bayin da suka gudu, kuma ba a son a tona wanda ke ciki. Da yawa daga cikin bayin da aka kawo gaɓar teku daga arewa aka kamo su, wasu ta kasuwar Salaga suka biyo, kasuwar da fatakenmu na goro suka sani sarai. To ka ga wannan tarihi bai bar mu a waje ba. Yaran makarantunmu sun cancanci su ji shi a wurin da ya faru, da daɗinsa da ɗacinsa.

Akwai kuma abin da masu zanen wurin za su koya daga al'adar Ga game da kiyaye halitta. Masunta ba sa fita teku ranar Talata. Ana rufe tafki na wani lokaci a shekara kafin a sake buɗe shi ga masu kamun kifi. Kafin bikin Homowo ana hana kiɗa da hayaniya na tsawon wata guda. Ko wane dalili masu al'adar suka bayar, sakamakon a fili yake: ruwa na hutawa, kifi na hayayyafa, gari na samun shiru. A Boabeng-Fiema, can tsakiyar ƙasar, haramcin gargajiya ne ya tsare birai har suka zama abin da duniya ke zuwa kallo. Tafkin Korle kuwa, wanda 'yan Ga ke darajawa har yana da wulomonsa, ga yadda ya koma bayan birni ya daina jin maganar masu shi: juji da wari. Duk mai son sanin makomar Achimota in aka ture masu ƙasa gefe, ya je ya tsaya a gadar Korle na minti biyar.

Ga masu cewa addini ya hana

Na san za a samu ɗan'uwan da zai ce, Malam, wannan girmamawar da kake faɗa ai akwai zuba giya a ƙasa a ciki, akwai wuraren tsafi, ina mu ina wannan? Tambaya ce ta gaskiya, ba zan kauce mata ba. Babu wanda ya ce ka riƙe ƙwarya, babu wanda ya ce ka amsa addu'arsu. In akwai wani sashe na dajin da masu ƙasa ke ɗauka da tsarki, a kewaye shi, a rubuta a allo, kai ka wuce ta gefe. Abin da ake nema a wurinka shi ne ka yarda cewa mutum na da haƙƙi a kan ƙasar kakanninsa, kuma ba a cin haƙƙin mutum don addininsa ya bambanta da naka. Wannan kam malamanmu sun koya mana tun muna riƙe da allo. Keɓe fili a hana sara da gini don amfanin jama'a ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Shi ne ake kira hima a littattafan fiƙihu, kuma an yi shi a kusa da Madina tun zamanin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Limamin ƙasa Sheikh Osman Nuhu Sharubutu ya shiga cocin Katolika a 2019 ya gaisa da makwabta ya fito, rawaninsa bai faɗi ba. Mu ma namu ba zai faɗi ba don mun tsaya wa mai masaukinmu.

Dajin ya zauna daji

Kalmar wurin shaƙatawa tana da haɗari a bakin ɗan kwangila. Shi abin da yake gani shi ne otal, da zauren biki, da filin ajiye motoci, da lilo mai lantarki. Akra ba ta rasa otal ba. Abin da ta rasa shi ne wurin da mutum zai yi tafiyar rabin awa bai ji ƙarar hon ba. Don haka a sa ƙa'ida tun farko: duk wani gini ya tsaya a bakin ƙofofi, a wuraren da aka riga aka share. Cikin dajin kuwa hanyar ƙafa, da benci, da famfon ruwa, da ban-ɗaki mai tsabta sun wadatar. Tun da an dasa dajin ne don itacen girki, itatuwan da aka shigo da su irin su dogon yaro sun yi yawa a ciki. A hankali a riƙa cike gurabe da na gida: rimi, kuka, maɗaci, tsamiya, da waɗanda masu maganin gargajiya na Ga za su nuna. Kada a sare na da kafin sabon ya kai.

Ba sai mun je Turai neman misali ba. A Nairobi ta Kenya akwai dajin Karura, mai faɗin kimanin hekta 1,000 a cikin birni. A ƙarshen shekarun 1990 aka fara rarraba shi a ɓoye ga masu gini. Wangari Maathai, wadda daga baya ta samu kyautar Nobel a 2004, ta jagoranci mata suka je dasa itatuwa a wurin, a watan Janairun 1999 aka yi mata duka har aka fasa mata kai. Ba su fasa ba, kuma ginin ya tsaya. Duk da haka dajin ya daɗe yana zama maɓoyar 'yan fashi, sai a 2009 da mazauna birnin suka kafa ƙungiyar abokan dajin, suka haɗa hannu da hukumar gandun daji ta Kenya. Aka kewaye shi da shinge, aka ɗauki masu gadi da ma'aikata daga unguwannin talakawan da ke gefensa, aka gyara hanyoyin ƙafa, aka riƙa maye itatuwan turare da na gida. Yau iyalai ke cika shi a ƙarshen mako. Ba a buƙaci dala biliyan ba. An buƙaci iyaka tabbatacciya, da mutanen da suka ɗauki dajin nasu.

Na kowa yana nufin na kowa

Abu na farko da ke raba talaka da irin waɗannan wurare shi ne kuɗin ƙofa. Uba mai 'ya'ya shida in ya lissafa kuɗin mota da na shiga, sai ya ce a zauna gida. Ina ganin yara 'yan makaranta, da tsofaffi, da masu naƙasa su shiga kyauta, sannan a ware rana ɗaya a mako da kowa zai shiga ba ko sisi. Baƙon da ya zo daga waje da mai son yin biki su biya da tsada, kuɗinsu ya ɗauki nauyin sauran.

Na biyu, hanya. Babban titin da ya taso daga Tetteh Quarshie ya nufi Mallam ya bi ta gefen dajin, kuma duk mai tsallaka shi da ƙafa ya san ransa na hannun Allah. A yi ƙofofi fiye da ɗaya, kowace da tashar trotro da gadar ƙafa mai gangare, ba mai matakala kaɗai ba. Dokar masu naƙasa ta 2006 ta ba wuraren jama'a shekara goma su gyara don mai keken guragu ya iya shiga. Wa'adin ya cika tun 2016. Sabon wuri ba shi da uzurin da zai kawo.

Na uku, mata. Wurin da mace ba ta jin aminci a cikinsa, ba na kowa ba ne. A sa fitilu a ƙofofi, a ɗauki mata cikin masu gadi, a raba ban-ɗaki, a yi rumfar masu shayarwa. Masu sayar da waakye da koko da ƙosai da kenkey a ba su rumfuna masu lasisi a bakin ƙofa da haya mai sauƙi, maimakon a kore su a kawo gidan abincin da farantinsa ya fi ƙarfin mai ziyara.

Na huɗu, ibada da hayaniya. Shekaru da yawa ƙungiyoyin Kiristoci ke zuwa dajin nan yin addu'a, kuma su ma 'yan birni ne, ba za a ce su tashi ba. A ware musu sashe, a sa iyaka ga lasifika. Amma ga maganar da ta shafe mu: ƙa'idar da muke so a sa wa wasu, mu fara ɗaura wa kanmu. Kada mu je muna neman a yanka mana fili a gina masallaci a cikin daji, don gobe coci goma za su nemi nasu, dajin ya ƙare. Famfon alwala da 'yar rumfa mai tsabta da mutum zai shimfiɗa darduma in lokaci ya yi sun ishe mu. Wa'azi da lasifika a bar shi a unguwa. In watan hana hayaniya na 'yan Ga ya zo, dajin ya zama wurin farko da kowa zai kiyaye shi, ba tare da an kai ga irin rigingimun da aka gani tsakanin masu gargajiya da wasu coci-coci a ƙarshen shekarun 1990 ba.

Abin da ya rage gare mu

Matsalarmu a zango ita ce sai an gama rabo muke zuwa mu ce an manta da mu. A ƙidayar 2021 Musulmi kusan kashi 20 cikin 100 ne na mutanen ƙasar nan, muna da sarakunan zango, muna da limamai, muna da 'yan majalisa daga Ayawaso da Madina da Ablekuma da ƙuri'unmu suka kai su. Wannan ba ƙaramin nauyi ba ne in aka yi amfani da shi a kan lokaci. Ina kira ga sarakunanmu su nemi zama da fadar Ga Mantse da dangin Owoo a kan maganar dajin, su je a matsayin masu goyon baya, ba masu neman kaso ba. Ina kira ga 'yan majalisarmu su nemi abu uku a zauren majalisa: a wallafa taswirar iyakar dajin yadda take a yau, a wallafa sunan duk wanda ke riƙe da haya ko takarda a cikinsa, sannan a kawo doka da za ta hana wani minista rage shi da sa hannu ɗaya. Ƙungiyoyin matasa da na mata da makarantun Islamiyya kuma su fara kai yara can tun yanzu, su yi shara, su dasa itace, su koyi sunayen tsuntsaye. Wurin da ɗanka ya dasa itace a ciki, ba za ka yi shiru ranar da aka zo sayar da shi ba.

Ba mu rasa gargaɗi ba. Filin wasan yara na Efua Sutherland yana nan a tsakiyar gari, kusa da babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa, kowa ya ga yadda ya lalace saboda babu wanda ya ɗauke shi nasa. Achimota ya fi shi girma nesa ba kusa ba, kuma masu kwaɗayinsa sun fi yawa. In masu ƙasa da mazauna zango da sauran 'yan birni suka tsaya wuri ɗaya, zai yi wuya a yanka shi a ɓoye. In kowa ya ce ba nasa ba ne, to masu kuɗi za su ce nasu ne, kuma ba za su nemi shawarar kowa ba. Allah Ya sa mu farga tun itatuwan na tsaye.